Gishiri: Kaɗan Magani, Da Yawa Cuta

Yau maganarmu a kan gishiri ce. Kowa ya san shi a miya, amma ba kowa ya san ƙa'idarsa ba.

Da farko, daga ina yake fitowa? Daga ruwan zartsi. A Bilma, can cikin hamadar Nijar, akan haƙa ramuka, ruwa ya taru, rana ta shanye shi, gishiri ya saura. Farin nan mai kyau shi ne beza, na miya. Wanda akan cura kamar turmi shi ne kantu, na dabbobi. Tun zamanin kakanni Buzaye kan labta wa raƙuma gero daga wajen Agadas, su keta Tenere, su musanya shi da gishiri da dabino, su kawo har Kano. A Keana da Awe kuwa, mata ne ke tace ƙasa, su dafa ruwan har ya ƙafe.

To, me ya sa mutane ke shan wannan wahala? Domin jiki ba ya rayuwa sai da gishiri. Shi ke riƙe ruwa a jiki. In yaro yana gudawa, ruwa da gishiri suna zubewa tare, abin da ke kashe shi ke nan. In asibiti na da nisa, ku sami tafasasshen ruwa lita 1, ku bari ya huce. Ku sa gishiri rabin cokalin shayi, da sukari cokali 6, a shafe, ba a tula ba. Ku dama, ku riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kuna kan hanyar zuwa likita.

Na biyu, kun san maƙoƙo, kumburin nan na wuya. Rashin wani sinadari ne, sunansa aidin, ke kawo shi. Rashinsa ga mace mai ciki yakan dakushe basirar ɗanta. Shi ya sa tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishirin ci a Nijeriya. In za ku saya, ku duba leda ku karanta. Ga amfanin karatu! Kana ku rufe shi, ku ajiye inda ba laima, don aidin yakan gudu. Hausawa sun ce gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo, gishiri ya ji kunya.

Na uku, kada ya yi yawa. Likitoci sun ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, watau kamar cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da kilishi. Yawansa na kawo hawan jini, shi kuwa yakan kai ga shanyewar ɓarin jiki.

Wanda ya ji, ya gaya wa uwargida yau, tun ba ta ɗora tukunya ba. Allah ya ba mu lafiya, amin.