Kafin a Sayar da Gona Don Neman Haihuwa

 Masu sauraronmu na Agwada, Keffi da kewaye, yau za mu tattauna kan asibitocin neman haihuwa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa. Dashen ƙwai, wanda likitoci ke kira IVF, ba baƙon abu ba ne a nan kusa da mu, domin tun 1998 aka haifi jaririya ta wannan hanya a asibitin Nisa Premier da ke Abuja, ƙarƙashin Dakta Ibrahim Wada.

Zagaye ɗaya na wannan aiki yakan ci miliyoyin naira, kuma akwai dalili. Alluran da ke sa ƙwai ya nuna daga waje ake shigo da su, da dala. Na'urar da ake renon ƙwan a ciki tana buƙatar ɗumi irin na jikin mutum dare da rana, don haka janareta ba ya hutawa. Sannan ga albashin likitan mata, da masanin da ke haɗa ƙwai da maniyyi, da ma'aikatan jinya, waɗanda ƙasashen waje ke ta zawarcinsu. Shi ya sa idan aka yi muku tayin araha tare da alƙawarin ciki tabbas, ku yi hattara. Babu likitan kirki da zai ba da wannan tabbaci, kuma damar nasara tana raguwa yayin da shekarun mace ke ƙaruwa.

Wani zai ce wannan harkar masu kuɗi ce, talaka sai haƙuri. Amma ba kowa ke buƙatar dashe ba. Gwajin maniyyi da hoton mahaifa ba su kai wannan tsada ba, kuma ana iya farawa daga Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Keffi. Maigida, kai ma a gwada ka, domin sau da yawa matsalar daga namiji take, alhali matar ce ke shan gorin dangin miji. Wani kuma zai ce haihuwa ta Allah ce. Haka ne, amma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Idan dashen ya zama dole, ku nemi jimillar kuɗin a rubuce, har da magunguna. Ku tambayi wanda zai kula da ƙwan, da kuma wanda zai zauna da ku ya ba ku shawara idan ciki bai kama ba. Asibitin da ya kasa amsa waɗannan bai cancanci kuɗin gonarku ba. Allah Ya ba masu nema zuri'a ɗayyiba. Sai mun haɗu a shiri na gaba.