Ladabin Harshe a Ƙasar Turawa



Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Da yawa daga cikinmu muna da burin haye teku neman ƙarin karatu a Ingila ko Amurka. Mun ci jarrabawar Ingilishi a sakandare, amma akwai wasu 'yan kalmomi 9 da muke rainawa saboda ƙanƙantarsu, alhali kuwa a kansu mutuncin baƙo ya rataya. Su ne can, could, may, might, shall, should, will, would da must. Aikinsu su shige gaban aikatau su nuna ko iyawa ake nufi, ko izini, ko tilas, ko kokwanto. Ba a liƙa musu harafin s, ba a kuma sa to a bayansu. Watau he can go ake cewa, ba he cans go ko he can to go ba.

Mu fara da hukuma, domin nan ne kuskure ya fi tsada. Must not hani ne, need not kuwa sauƙi ne aka yi mana, watau ba dole ba ne. Ɗalibin digiri da ya shiga Ingila da bizar karatu, dokar da ke kansa ita ce kada ya yi aikin kuɗi fiye da sa'a 20 a mako lokacin zangon karatu. In ya karanta you must not work more than 20 hours ya ɗauka shawara ce, to, yana iya rasa bizarsa, karatu ya tsaya. Shawara should ce, must doka ce.

Sai gidan cin abinci. Mu a gida in mun gaisa da mai tuwo, muka ce "Zuba mini na ɗari biyar," ba mu yi laifi ba, gama gaisuwar ta riga ta share hanya. Bature ba ya doguwar gaisuwa, saboda haka ladabinsa a cikin jimlar yake. Wanda ya ce give me ko I want, ko da fuskarsa a sake take, za a ɗauke shi mai gatsali. Could I have ko I would like su ne daidai. Ga mu da ba ma cin naman alade, lalle ne mu riƙe wannan tambaya: could you tell me if there is pork in this? Kunyar tambaya ba ta kai nadamar bayan ci ba.

Na uku shi ne zama da mutane, inda tarko ya fi yawa. In wani ya nuna kujerar da ke kusa da mu ya ce would you mind if I sat here, tambayarsa ita ce ko zamansa zai dame mu. Muka ce yes da nufin marhaba, mun kore shi ke nan. Not at all ita ce amsar mai yarda. Haka kuma in Baturen Ingila ya ce you must come to dinner sometime, sau da yawa fatar baki ce, kamar bisimillar da muke yi wa mai wucewa in muna cin abinci. Kada mu wanke hannu sai ya yanka rana da lokaci. In kuwa mu muka gayyace shi ya ce I might come, kada mu dafa da shi.

'Yan'uwa, koyon waɗannan ba zubar da al'adarmu ba ne. Mu da aka rena da "don Allah" da "ranka ya daɗe" ba baƙin ladabi ba ne, mazubinsa kawai muke nema a wani harshe. Mu riƙa gwada su a tsakaninmu tun daga ɗakin cin abinci na makaranta, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya. Wassalam.