Baƙin Gabas da Tauraronsu: Daga Baitalami Zuwa Gimi

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan Ikara da Maƙarfi da Kudan



Batun da aka ɗora mini yau shi ne labarin masanan nan da suka taho daga gabas suna bin tauraro, waɗanda Kiristoci ke tunawa da su kowace shekara daga Kirsimeti zuwa ranar 6 ga Janairu. Mai yiwuwa ne wani ya ce, ina ruwan ɗan Ikara ko ɗan Kudan da abin da ya auku a Falasɗinu shekara dubu biyu da suka wuce? To, in kun ba ni aron hankalinku, zan nuna cewa sunan mutanen nan yana bakinmu kullum, kuma a nan ƙasar Maƙarfi an yi waɗansu mutane da suka yi irin tafiyarsu.

Bari mu fara da tushe. Cikin littattafan Linjila huɗu, na Matiyu kaɗai ne ya kawo labarin, a sura ta 2, cikin ayoyi 12 kacal. Ga taƙaitaccen abin da ke ciki. A zamanin Sarki Hirudus waɗansu masana suka iso Urushalima, watau birnin Ƙudus, suna cigiyar sarkin Yahudawa da aka haifa, don sun ga tauraronsa. Hankalin Hirudus ya tashi, ya tara manyan malaman Attaura ya tambaye su inda za a haifi Almasihu. Suka duba littafin Annabi Mika suka ce a Baitalami ne. Sarki ya kira baƙin a asirce, ya bi diddigin lokacin da tauraron ya bayyana, ya ce in sun sami yaron su komo su gaya masa. Da suka kama hanya sai tauraron ya sake bayyana gare su, har ya tsaya daidai inda yaron yake. Suka shiga gida suka sami Yesu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, tare da uwarsa Maryamu, suka miƙa zinariya da lubban da mur. Aka gargaɗe su cikin mafarki, suka koma ƙasarsu ta wata hanya dabam.

Ku lura, Matiyu bai faɗi yawansu ba, bai ce sarakuna ne ba, bai ambaci sunayensu ko raƙuma ba. Duk waɗannan daga baya suka shigo, kuma ana iya bin sawunsu. Wajen shekara ta 200 wani malamin Kirista na Afirka ta Arewa, Tartuliyan, ya haɗa labarin da Zabura ta 72, inda aka yi zancen sarakuna masu kawo gaisuwa. Raƙuma kuwa daga littafin Annabi Ishaya sura ta 60 aka ɗauko su. Orijin, malamin Iskandariya a ƙarni na 3, ya ɗauka su uku ne saboda kyautar iri uku ce, alhali Kiristocin Suriya sun riƙe cewa su 12 ne. Sunayen da aka fi sani a Turai, watau Kasfar da Malkiyor da Baltazar, sai wajen ƙarni na 6 suka fara bayyana. A shekarar 1164 aka ɗauke waɗansu ƙasusuwa da ake cewa nasu ne daga Milan ta Italiya zuwa Kolon ta Jamus, inda har yau suke cikin babbar majami'ar garin. A ƙarni na 15 masu zanen Turai suka shiga nuna ɗayansu baƙar fata, don a ce Afirka ma ta je gaisuwa. Ba na faɗin wannan don in rage wa al'adar daraja. Wajibin ɗalibi ne dai ya san inda nassi ya tsaya da inda ƙari ya fara.

Sai batun tauraro. Abu na farko, yawancin masana tarihi sun yarda Hirudus ya mutu shekara 4 kafin Miladiyya, don malamin da ya tsara lissafin Miladiyya a shekarar 525 ya yi kuskuren 'yan shekaru. Saboda haka masu binciken sama suna neman tauraron a shekarun da suka gabaci wannan. Kepla, masanin taurari na Jamus, ya ga Mushtari da Zuhal sun kusanci juna a 1603, ya yi lissafi ya gane sun yi irin wannan haɗuwa shekara 7 kafin Miladiyya. A wannan shekara sau uku suka haɗu cikin burujin Kifi, wanda malamanmu ke kira Hutu. Waɗansu kuma sun nuna cewa littattafan ƙasar Sin sun rubuta wani baƙon tauraro da aka gani fiye da kwana 70, shekara 5 kafin Miladiyya. Akwai masu cewa tauraro mai wutsiya ne, har mai zanen nan na Italiya, Jiyoto, ya zana shi haka wajen 1305. Amma mai wutsiyar da ake kira Halley ya wuce tun shekara 12 kafin Miladiyya, watau ya yi wuri, kuma mutanen da, kamar Hausawa, sun ɗauka ganin mai wutsiya ba alheri ba ne.

Dukan bayanan nan suna cin karo da abu guda. Taurari daga gabas suke yin yamma, Baitalami kuwa kudu take da Urushalima, kuma ba a san tauraron da ke tsayawa bisa gida ɗaya ba. Don haka tun ƙarni na 4 Yohanna Kirisostom, babban mai wa'azi na Antakiya, ya ce wannan ba tauraro ne irin na kullum ba, wani iko ne na Allah cikin kamar tauraro. Waɗansu manazarta na zamani kuma suna ganin Matiyu yana nuni ne ga annabcin Bal'amu da ke cikin Attaura, game da tauraron da zai fito daga zuriyar Yakubu. Ko wanne mutum ya ɗauka, ilmin duban sama ba baƙo ba ne gare mu. Malamanmu suna ƙidaya manziloli 28, kowanne kwana 13, su gaya wa manomin Hunƙuyi ko na Paki tauraron da ake ciki na damina. Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar littattafai kan taurari da hatimi.

To, su wane ne baƙin nan? Kalmar da Matiyu ya yi amfani da ita a Girkanci ita ce magoi, asalinta kuwa daga Farisa ne. Hirodotus, marubucin tarihi na Girka a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya lissafa su cikin ƙabilu shida na Mediya, ya nuna su ne masu yanka na ibada da fassara mafarki. Kalmar nan ce ta shiga Larabci ta zama Majus, kuma ta zo sau ɗaya cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Hajji aya ta 17. Masana da yawa suna ganin daga Majus ne Hausa ta sami Bamaguje da Maguzawa, ko da yake a bakin jama'a akan ce daga gudu ne, wai sun guje wa salla. Dalilin masanan shi ne, a fiƙihu an yarda a karɓi jizya daga Majusawa a bar su su zauna lafiya, saboda haka kiran Hausawan da ba su musulunta ba da wannan suna ya ba su matsayi a shari'a. Jama'a, ku dubi wannan al'amari. Sunan da ɗan birni ke jifan mutumin ƙauye da shi don raini, shi ne sunan mutanen da Linjila ta ce sun riga malaman fada isa wurin da ake nema. Unguwannin Maguzawa suna nan kewaye da Ikara da Maƙarfi, da yawa daga cikinsu sun musulunta, da yawa sun zama Kiristoci, har darikar Angalika tana da bishop a Ikara. Ya kamata mu yi tunani kafin mu mai da sunan kakanninsu zagi.

Yanzu sai in zo kan Gimi. A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarin Alƙur'ani ya sa ya mai da hankali ƙwarai kan ayoyin da suka ambaci Annabi Isa, har ya ba shi matsayin da malaman gari ba su yarda da shi ba. Aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa, waɗanda aka sani da Isawa, suka watsu cikin ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau da Ningi. Suna ɗaukar kansu Musulmi ne, amma sun riƙe wata wasiyya cewa wata rana waɗansu za su zo da cikakken labarin Isa. A 1913 waɗansu daga cikinsu suka taka har birnin Zariya wurin Likita Mila na mishan ɗin C.M.S., wanda ke zaune can tun 1905, suka ce sun zo tambaya. Daga nan aka kafa musu mazauni a Gimi, da makaranta da majami'a, ƙarƙashin wani fasto baƙar fata daga tsibiran Indiya ta Yamma mai suna Thompson. Ba dukan Isawa ne suka bi ba, waɗansu sun tsaya inda suke.

Ƙarshen mazaunin bai yi daɗi ba. Ƙudan tsando na rafukan wurin ya kawo ciwon barci, cikin 'yan shekaru ya kashe mutane da yawa, aka kwashe sauran zuwa Zariya, daga baya mishan ta koma Wusasa a 1929. Amma irin bai mutu ba. Daga zuriyar Isawa ne aka sami Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Musulmi da Kirista za su saɓa kan ko Isawa sun dace da abin da suka nema, kuma ba wannan dandali ne zai raba gardamar ba. Abin da ba mai musu a kai shi ne, mutanen nan sun ga alama cikin karatunsu, suka tashi suka yi tattaki, suka yi tambaya, suka kuma biya da tsada.

Wannan ya komo da mu ga labarin Matiyu, don akwai masu ilmi kashi biyu a ciki, ga kuma mai mulki a tsakaninsu. Baƙin gabas iliminsu ragagge ne, tauraro ya kai su babban birni, ba inda yaron yake ba, sai da suka sauke girman kai suka tambayi malaman wani addini. Matambayi ba ya ɓata. Malaman fada kuwa sun san amsa sarai, har da littafin da take ciki, amma ba a ce ko ɗayansu ya taka mil shida ɗin da ke tsakanin Urushalima da Baitalami ba. Sun miƙa wa sarki abin da suka sani, suka koma gida. Shi kuwa sarki ya haɗa amsar malamai da lokacin da baƙi suka faɗa masa, ya sa aka kashe yara maza na Baitalami daga 'yan shekara biyu zuwa ƙasa. Matiyu kaɗai ya kawo wannan kisa, amma Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa, ya rubuta cewa Hirudus ya kashe matarsa da 'ya'yansa uku saboda tsoron a ƙwace masa sarauta, don haka halin ba baƙo ba ne.

'Yan'uwana ɗalibai, gobe mu ne malaman fada. Waɗansunmu za su zauna a sakatariyar ƙaramar hukuma a Ikara ko Maƙarfi ko Hunƙuyi, waɗansu a ma'aikatun Kaduna. Wata rana mai iko zai kira ka ya ce, ina ƙauye kaza, gonar nan ta wane ce, unguwar nan wa suka zaɓa? Amsar tana cikin fayil ɗinka, kuma gaskiya ce. Kafin ka miƙa ta, ka tambayi kanka me za a yi da ita. In kuma takarda ta ce rijiyar wata unguwar Maguzawa ta ƙafe, ko makarantar wata rugar Fulani ba malami, kada ka sa hannu ka rufe fayil alhali wurin bai fi mil shida daga kujerarka ba. Zuwa da kai ya fi saƙo. Baƙin gabas ma, da suka gane nufin sarki, ba su yi masa tawaye ba, ba su kuma kai masa rahoto ba, hanya kawai suka sake. Ƙaramin ma'aikaci ma yana da ikon yin wannan.

Malam Shugaba, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi. In akwai dattawan Gimi ko jikokinsu a cikinmu, ina roƙo su ƙara mana da abin da suka ji daga bakin iyayensu, a rubuta shi tun masu sani suna da rai. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.