Na'urar Gwajin Numfashi a Gaban Kotu

Direban da aka kama a hanyar Kano zuwa Gwarzo, wadda ta ratsa yankin Kabo, har kotun majistare ta same shi da laifin tuƙi cikin maye, yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Jihar Kano. A can ana iya ƙalubalantar na'urar gwajin numfashi, wato wadda direba ke hurawa ta auna giyar da ke jikinsa, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya shardanta a nuna cewa na'ura mai sarrafa bayanai tana aiki daidai kafin a karɓi sakamakonta. Hukuncin da aka gina a kan na'urar da ba a tantance ba bai cancanci tsayawa ba.