Wakafin Filin Kiwo a Doguwa



Nisabin zakkar tumaki 40 ne, a fitar da guda. To amma mabuƙacin da muka bai wa tumaki, ina zai kiwata su? Tunkiya kan ci kimanin kilo 1 na busasshiyar ciyawa kullum, wato garken 40 zai cinye tan 7 cikin watanni 6 na rani. Da wannan lissafi ake auna faɗin fili. A Doguwa gonaki sun matse burtali, dajin Falgore kuwa gandun gwamnati ne. Sayyidina Umar ya bayar da gonarsa ta Haibara wakafi. Muna roƙonku filayen da za a noma harawar wake da gyaɗa. Allah Ya karɓa.