Haɗa Karatun Intanet da na Cikin Aji: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Ina godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba ni damar yin magana a kan haɗa karatun intanet da karatun da malami ke bayarwa ido da ido. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba malami ba, don haka ina roƙon malamanmu su ɗauki wannan a matsayin shawarar ɗalibinsu.

Jama'a, zamani riga ne. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, kuma daga 2015 ta daina ta takarda. A 2024 hukumar WAEC ta fara yin haka ga masu rubuta jarrabawa daga waje. Ke nan yaron da ya gama wannan makaranta bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, zai iya sanin amsa sarai amma lokaci ya ƙare masa yana lalube, ya rasa shekara guda.

Haka kuma mun ga darasi a 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris. Jihohi da dama sun koma koyarwa ta rediyo da talabijin, wasu makarantun kuma ta WhatsApp. Yaron da gidansu ke da wuta da waya da mai sa masa ido ya ci gaba, wanda ba shi da su ya zauna wata da watanni. Wannan ya nuna na'ura ita kaɗai ba ta koyarwa, domin ba ta duban fuskar yaro ta gane ya ɓace tun a layi na biyu. Malami ne mai wannan, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

To, yaya ake haɗa su? A wasu ƙasashe ɗalibi kan kalli bidiyon darasi a gida, ya zo aji a yi aiki da tambayoyi. A wurinmu wannan zai yi wuya, domin kuɗin data da rashin wuta za su ware ɗan talaka, ga shi makarantun kwana sun hana riƙe waya. Abin da ya dace da mu shi ne a yi komai cikin makaranta, a yi karɓa-karɓa. Misali, aji mai ɗalibai 60 da kwamfuta 20 sai a kasa shi uku: kashi ɗaya na kan kwamfuta, ɗaya na aikin rukuni, ɗaya kuma na gaban malami, bayan minti 25 a sauya. Malamin da ke fama da yara 60 ya koma fuskantar 20, ya san wanda ya gane da wanda bai gane ba.

Kayan karatun ma suna nan kyauta. A 2022 ma'aikatar ilimi ta tarayya, tare da UNICEF da Microsoft, ta buɗe Nigeria Learning Passport mai ɗauke da darussan manhajarmu. Akwai PhET ta Jami'ar Colorado a Amurka, inda yaro zai haɗa waya da batir a kan allo ya ga yadda lantarki ke gudana. Akwai kuma Kolibri, wadda ake zuba wa darussa sau ɗaya, daga nan ta yi aiki ba tare da intanet ba.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara uku. Na ɗaya, kada mu fara da sayen kwamfutoci. Mu fara da wutar sola, domin ɗakin kwamfuta marar wuta sito ne kawai. Na biyu, mu ɗauki nauyin horar da malamai, mu kuma ware kuɗin gyara kowace shekara. Na uku, mu roƙi shugaban makaranta ya sa ɗakin cikin jadawalin darussa, kowane aji da ranarsa, kada a kulle shi sai ranar da baƙi suka zo.

'Yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Cikinmu akwai injiniyoyi da 'yan kasuwa da ma'aikata, kowa da abin da zai iya. Ina roƙon a kafa kwamiti tun yau, a sa malamai biyu a ciki, ya kawo mana lissafin kuɗi kafin taro na gaba.