Jawabi a Kan Kwarin Kwara da Kufan Surame

Jama'a, a ƙasashen Turai akwai kwaruruka waɗanda ƙanƙara ta sassaƙa tun zamanin da, mutane kuwa sukan biya kuɗi mai yawa su tafi kallonsu. To, kwarin da ke ƙasar Bagudo ruwa ne ya haƙa shi, amma bai gaza waɗancan kyau ba.

Wanda ya yi nufin ganinsa sai ya fara daga Lolo, inda Kwara ta shigo Nijeriya a bakin iyakar Benin, wadda ake kira Dahomey kafin 1975. Da kaka ya fi, sa'ad da fadama ta cika da shinkafa, masunta suna ta kai da kawowa cikin jirage. Gaba kaɗan sai Illo, tsohon zangon fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. A 1898 ne Ingila da Faransa suka shata iyaka, Illo ta faɗo ɓangaren Ingilishi.

Kusa da Bagudo gulbin Kabi ya haɗu da Kwara. In baƙo ya bi wannan gulbi ya yi arewa, ya wuce Birnin Kabi da Argungu, zai kai Surame a ƙasar Sakkwato. Nan ne birnin Muhammadu Kanta, wanda ya yi wa Askiya na Songhai tawaye wajen 1516, ya kafa mulkin Kabi. Da dutse da ƙasa aka gina ganuwarsa, abin da ba a cika gani ba a ƙasar Hausa. A farkon ƙarni na 18 sarauta ta koma Birnin Kabi, Surame ya zama kufai, itatuwa suka tsiro inda dā fada take. A 1964 Gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa waɗanda doka ta tsare.

Saura gargaɗi guda. Ganuwar da ta jure wa damina fiye da ɗari huɗu ba za ta jure wa hannun mutane ba. Kowane dutse da aka ɗebe don gini, ko aka ture don faɗaɗa gona, ya tafi ke nan har abada. Saboda haka ana roƙon baƙo ya fara gai da mai gari, ya nemi ɗan jagora, ya kalla da ido, ya bar kome inda ya same shi, don jikoki su ma su tarar da abin da kakanni suka gina. Allah ya sa a ji, amin.